Ranar da Aka Kai Tsohuwa Gwanjo

Gidan da muka fara saya a Germantown irin gidajen nan ne da ake jerawa bango ɗaya, kowa da ƙofarsa da 'yar farfajiyarsa, amma in maƙwabci ya yi tari da ƙarfi sai ka ji. Daga Zariya muka zo, muna da 'ya ɗaya a lokacin. Ni ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, maigidana kuwa injiniya ne, da sassafe yake bin jirgin ƙasa zuwa cikin Washington. Ta hannun damanmu wani Ba'amurke ne da karensa, ɗaga hannu kawai ke haɗa mu. Ta hagu kuwa Sinawa ne, mata da miji da 'yarsu budurwa da ke sakandare.

Matar ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta zo da faranti cike da wani abincinsu na fulawa da ake cusa wa nama da ganye a dafa a ruwa. Kafin in buɗe baki ta ce kada in damu, ta ga mayafina, don haka takanas ta je shagon 'yan Pakistan ta sayo naman. Da Turanci muke magana, nata a karye, nawa da harshen Zazzau a ciki, amma muna fahimtar juna sarai. Daga ranar muka ƙulla. In na yi waina sai in miƙa mata ta katanga, ita kuma ta koya mini yadda ake shuka albasa a tukunya.

Mijinta ba mai yawan magana ba ne. Yana aiki a wani kamfani da ke tsara kwalayen kaya a kwamfuta, amma matarsa ta faɗa mini cewa a Beijing malamin zane ne kafin su taho. Shi ya sa a cikin gidanmu muke ce masa Malam, har sunan ya bi shi, shi ma ya saba yana amsawa.

A falonsu akwai wani zane babba, ya kusa tsayin ƙofa, ya kuma fi ta faɗi. Wata tsohuwa ce zaune a kan 'yar kujera, sanye da shuɗiyar rigar sanyi mai kauri, hannuwanta a kan gwiwa. Bayanta tulin kabeji ne har ya kai taga. Ba kai take kallo ba, kamar wani take kallo a bayan kafaɗarka. Na sha zama a ƙarƙashinsa ina shan shayi, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka ado ne kamar yadda kowa ke rataya abu a bango.

Shekarar da nake da cikin ɗana na biyu aka yi sanyi mai tsanani. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Zariya don ta zauna mini jego. Wata Asabar da hantsi muka ji ana buga ƙofa da sauri. Maƙwabciyata ce, ƙafafun wandonta sharkaf. Bututun ruwa ya daskare ya fashe a saman gidansu, ruwa na zuba ta silin falo. Maigidana ya zura takalmi ya bi ta. Na leƙa ta taga ina jiran in ga sun fito da talabijin ko kujeru, sai na ga shi da Malam sun rungumo zanen nan, suna takawa a hankali a kan ƙanƙara kamar masu ɗauke da majinyaci.

Matattakalarmu ƙunci gare ta, zanen ya ƙi hawa sama. Dole aka jingina shi a bangon falo, ya cinye rabin bangon. Masu gyara suka ce aikin gidan zai ɗauki makonni.

To a falon nan Inna take sallah, saboda gwiwarta ba ta son hawa da sauka. Ta fito daga ɗaki da carbinta, ta tsaya, ta dubi zanen sama da ƙasa.

“Wannan kuma wace ce aka kawo mana?”

Na ce, “Inna, na maƙwabta ne, ruwa ya ci gidansu. Ajiya ce.”

“Ajiya ba laifi. Amma ni ba zan yi sallah mutum na zaune a gabana ba.”

Ta koma ɗaki ta ɗauko wani tsohon zaninta da take ɗaurawa in za ta yi wanki, ta sa maigidana ya lulluɓe zanen da shi. Ya rufe fuskar da kafaɗu, kabejin gefe da ƙafafun kujera suka rage a waje.

Bayan la'asar Malam ya shigo ya duba ko danshi ya taɓa zanen. Ya ga zanin, ya tsaya. Kunya ta kama ni. Na yi masa bayani cewa a wurinmu ba a son yin sallah ana fuskantar hoton mutum, ba raini ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce babu komai, ƙyallen ma zai kare shi daga ƙura. Ya ɗaga gefen zanin ya shafa katakon da aka kewaye zanen da shi da bayan hannu. Sannan, ba tare da ya dube mu ba, ya ce, “Mahaifiyata ce.”

Inna ta tambaye ni abin da ya ce. Na faɗa mata. Ta ajiye carbin a cinya ta ce in ce masa ya zauna.

A ranar ne ya ba mu labarin, yana faɗa ina juya wa Inna. Lokacin da yake makarantar koyon zane yana da aboki da ya zo daga wani ƙauye mai nisa, ba shi da kowa a birni. Malam ya kawo shi gida. Ɗaki ɗaya ne da su, shi da mahaifiyarsa, amma aka gyara wa baƙon wuri kusa da murhun gawayi, ya yi hunturu biyu yana ci daga tukunyarta. A zamanin, in sanyi ya gabato kowane gida sai ya sayi kabeji mai yawa ya tara, shi za a yi ta ci har bazara. Da abokin zai tashi, ba shi da abin da zai ba ta, sai ya ce zai zana ta. Ko kuɗin ƙyallen zane ba shi da su, wani yadi mai kaushi ya samo ya shafe da farin fenti.

“Ba ta so zanen ba,” in ji Malam. “Ta ce ya mai da ita mai tallar kabeji, kuma me ya hana shi jira ta sauya riga.”

Da Malam zai taho Amurka ya naɗe zanen ya taho da shi. Bayan 'yan shekaru tsohuwar ta rasu, takardunsa kuwa ba su kai matsayin da zai fita ya dawo ba.

Inna ta ce, “Tambaye shi, bai ga gawarta ba ke nan?”

Na tambaye shi. Ya girgiza kai.

“Allah sarki,” in ji Inna.

Da magariba ta gabato na ga ta buɗe akwatinta ta zaro wata sabuwar atamfa da ta zo da ita don suna, ko ɗinki ba a yi mata ba. Ta ce wa maigidana ya cire tsohon zanin ya sa wannan.

“Uwar mutum ce,” ta ce. “In za a rufe ta, a rufe ta da abin kirki. In na sallame kuma a buɗe ta, ta sha iska.”

Haka aka riƙa yi. Lokacin sallah a rufe, a idar a buɗe. Da na haihu, matan da suka zo barka daga Springfield da Manassas duk a gaban tsohuwar suka zauna suka ci tuwo. Wasu suka yi ta tambaya, Inna ce ke ba su amsa, har da ƙarin gishiri, kamar ta san matar tun suna 'yan mata.

Wata rana ina shan kunun jego maƙwabciyata ta shigo ta karɓi jaririn, ta zauna tana jijjiga shi. Ta dubi zanen, ta yi ajiyar zuciya, ta ce akwai abin da mijinta bai faɗa mana ba. Abokin nan nasa yanzu ya zama babban mutum. 'Yan shekarun nan masu kuɗin duniya sun juyo kan zanen Sinawa na wannan zamani, ana ta rububinsa a New York da London da Hong Kong, kuma sunan abokin na cikin waɗanda ake nema. A wata hira da aka yi da shi ya ambaci cewa zanensa na farko da yake ji da shi yana hannun wani tsohon abokinsa a Maryland. Tun daga nan wata mata daga wani kamfanin gwanjo take ta kiran wayarsu.

Ta faɗa mini abin da matar ta ce zanen zai iya kaiwa. Na ajiye kofin kunu. Na dubi inda 'yata ta saba jingina kekenta dab da katakon.

Da na gaya wa Inna cewa ana so a kai zanen gwanjo, ranta ya ɓaci.

“Gwanjo? Inda ake zube tsofaffin riguna a ƙasa? Talauci ne ya kama su haka ba mu sani ba?”

Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi mata bayani cewa wannan gwanjon na attajirai ne, a ɗaki mai sanyi ake yi, kowa na ɗaga hannu yana ƙari har a bar wa wanda ya fi. Inna ta ce ko ma dai wane iri ne, gwanjo gwanjo ne.

Tun da gidansu bai gama gyaruwa ba, a falonmu matar kamfanin ta zo ta duba zanen. Doguwa ce mai ladabi, da ta ga takalma a bakin ƙofa ita ma ta cire nata. Ta sa farar safar hannu, ta fito da 'yar tocila. Abin da ya ba ni mamaki, bayan zanen ta fi daɗewa tana dubawa fiye da gabansa. Ta sa aka juya shi, ta tsuguna tana karanta wani rubutu da aka yi da gawayi a kusurwa. Daga baya ta haska mana wuyan rigar tsohuwar, ta nuna mana inda fentin ya fara tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Ta ce yadin ba na zane ba ne, zafin hitar ɗumama ɗaki da danshin gida suna cin sa a hankali, in ba a kai shi hannun masu gyara aka ajiye a inda ya dace ba, wata rana zai fara zuba. Malam ya ce ya sani, ya daɗe da gani. Inna ta sa na kawo wa baƙuwar shayi da cincin. Ta ci, ta yaba, ta tafi.

Bayan wannan, maƙwabciyata ta kan zo kicin ta same ni ta sauke abin da ke ranta. Ta ce ba kwaɗayi ba ne. Tun da ta ji darajar zanen ta daina samun sukuni, in sun fita tana tunanin gobara, in ta ji motsi tana tunanin ɓarawo, kuɗin inshorarsa kuma ya fi ƙarfinsu. Ga 'yarsu tana son karatun likita. Amma ba za ta matsa masa ba, domin tsohuwar ba uwarta ba ce.

Shi kuwa Malam wata ɗabi'a ya ɗauka. In ya taso daga aiki sai ya biyo ta gidanmu, ya gaida Inna da “sannu” ɗin da ya koya, ya zauna a kujerar da ke fuskantar zanen. Inna na gefe tana jan carbi ko tana riƙe da jariri. Ba mai jin yaren wani. Ta kan tura masa farantin dabino da hannu, ya ɗauki ɗaya, su yi ta zama.

Wata rana ya kira ni daga kicin ya ce in tambayar masa Inna, da ita ce, yaya za ta yi.

Inna ta ce, “A'a, ba ni zan yanke masa ba. Amma tambaye shi, ita tsohuwar, wace irin mace ce a kan abin hannunta?”

Na ɗauka zai ce mai kyauta ce, tun da ta ciyar da ɗan wani. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba.

“Maƙo gare ta,” ya ce. “Ganyen kabejin da ya bushe ma ba ta yarwa. Kullum tana yi wa abokina faɗa wai cinsa ya yi yawa, tana faɗan tana ƙara masa. Da tana nan ta ji abin da matar nan ta faɗa, da tun ranar ta sa an ɗauke shi, sannan ta yi mini faɗa wai na sayar da arha.”

Na juya wa Inna. Ita ma ta kama dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Malam ya cire tabarau ya share idanu, ya daɗe yana sharewa. Bai ce ya yanke shawara ba, amma a makon ya kira matar kamfanin.

Mutanen kamfanin suka zo da mota babba, suka auna, suka haɗa akwatin katako a farfajiyarmu, suka shimfiɗa masa soso ciki. Inna ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana. Ba da daɗewa ba ita ma lokacin komawarta ya yi, muka raka ta filin jirgi. Sai da aka yi watanni kafin ranar gwanjon ta zo.

Maƙwabciyata ta ce ba za ta iya zuwa ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta ce in bar mata yaran, mu raka shi ni da maigidana. Bayan sallar asuba muka kama hanyar New York, Malam a gaba cikin kwat ɗin da ya ce tun ɗaurin aurensu bai sake sawa ba.

Mun isa da sauran lokaci, aka bar mu muka shiga zauren da aka rataye kayan. Bango fari tas, fitilu na haska kowane zane. Akwai manya-manya masu launi mai ɗaukar ido, wasu na kasa gane kansu. Can a ƙurya muka hango tsohuwar. An sa mata sabon katako, ga ɗan kwali a gefe da lamba da sunan da aka raɗa mata, wai tsohuwa da kabeji. Mutane na tsayawa gabanta da littafin kayan gwanjon a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa. Maigidana ya buɗe shafinta ya karanta mana abin da aka rubuta. An ce idanunta na duban makomar da ba ta da tabbas, tulin kabejin kuma alama ce ta juriyar talakawa.

Malam ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Ni take harara. Ina tsaye bayan abokina ina ce mata ta daina motsi, ita kuwa ta ɗora ruwa a wuta.”

Na girma ina bin Inna kasuwa, na san ciniki. A wurinmu sai an gaisa, a tambayi gida, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a sassauta, wani lokaci har a yi kamar za a rabu sannan a kira ka. Mai kaya shi ne a gaba, bakinsa ake jira. A nan kuwa mai kayan yana can layin baya tsakanina da maigidana, hannuwansa a haɗe, ba wanda ya san shi. Wani mutum ne a kan mumbari da 'yar guduma, yana magana da sauri amma ba ya ɗaga murya. A gefe guda an jera ma'aikata, kowanne da waya a kunne, suna yi wa waɗanda ba su zo ba. A bango wani allo na nuna kuɗin da kuɗaɗen ƙasashe daban-daban.

Da aka zo kanta, hotonta ya fito a allon. Wata mata a gabanmu ta ɗaga ɗan katakonta mai lamba da ake tayi da shi, wani ya ɗaga a can gefe. Nan da nan aka bar na cikin ɗaki a baya, ya rage tsakanin wani saurayi da wata budurwa cikin masu riƙe da waya. Wannan ya gyaɗa kai, waccan ta rufe baki da hannu ta yi raɗa, ta gyaɗa. Mai gudumar ya duba nan, ya duba can, ya ɗan jira. Saurayin ya girgiza kai. Aka buga. Wasu suka ɗan tafa. Kafin in gama gyara mayafina da ya zame, an riga an sa wani zanen a allo.

Maigidana ya riƙe hannun Malam. Malam kuwa ya ce, “Shi ke nan?”

A waje matar kamfanin ta zo da fara'a ta taya shi murna, ta ce ya wuce yadda suka zata. Ya yi godiya. Ya tambaye ta ko zai iya sanin wanda ya saya, ko da garinsu ne kawai. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba a faɗa. Ya ce to a gaya wa mutumin kada ya rataye ta kusa da hita. Ta ce za ta isar.

A hanyar dawowa muka tsaya a wani wurin hutawar matafiya don mu yi azahar da la'asar. Da muka dawo mota muka tarar Malam ya sayo mana askirim, yana tsaye a iska da guda uku a hannu suna narkewa. Muka sha a tsaye. Da muka hau hanya ya jingina kai da gilashi, bai farka ba sai da muka shigo Maryland.

Rayuwarsu ba ta sauya yadda na zata ba. Ba su tashi daga gidan ba, motarsu ma ita ce dai. An sake rufin gida, 'yar ta tafi karatunta. Kamfanin ya aiko masa da babban hoton zanen, ya rataye a inda na asalin yake a da, bayan mako guda ya sauke. Ya ce wa maigidana wannan takarda ce kawai, ba ta da kauri, ba ta da wari. Bangon ya zauna haka. Da tattalin arziki ya karye, aka ce kasuwar zanen ma ta faɗi, abokansa suka riƙa ce masa ya yi sa'a da ya sayar kafin lokacin. Ya kan ce haka ne, ya sauya magana. Inna kuwa duk sanda muka yi waya, bayan ta tambayi yara sai ta ce, “Ina labarin tsohuwa? An ji inda take?” In ce mata ba a ji ba.

Shekaru suka wuce, jaririn nan har ya shiga firamare. Wata rana maƙwabciyata ta kira ni ta katanga ta miƙo mini wayarta. Ga tsohuwar a ciki. An sake kai ta gwanjo a Hong Kong, kuma abin da aka saye ta ya ninka na farko. Yinin ranar maƙwabciyata ba ta da walwala, tana ta cewa da sun jira. Washegari ta ce ai da sun jira da fentin ya zube a falonsu, ta ci gaba da shukarta. Malam abu ɗaya ya riƙe a labarin. An rubuta cewa wani attajiri ne ya saya don gidan nunin zane da ya gina a wani birni na kudancin ƙasar Sin, kuma kowa na iya shiga.

Tun da ya taho bai taɓa komawa ba. Ko da takardunsa suka daidaita, ya kan ce unguwarsu an rushe ta, wurin wa zai je. A bazarar nan ya sayi tikiti.

Bayan ya dawo muka zauna a bayan gidansu, matarsa na cika tukwane da ƙasa, shi yana ba mu labari. Ya fara zuwa kabarin mahaifiyarsa, wani ɗan uwa ya kai shi. Ya kuma nemi abokinsa. Ya ce ya same shi da furfura da tumbi, da direba, da wurin aiki kamar masana'anta, matasa na ta shafa masa fenti a manyan ƙyallaye. Sun rungumi juna, sun ci abinci, sun yi ta tuna murhun gawayi. Malam bai roƙe shi komai ba, amma abokin da kansa ya ce ya sha gwada sake zana tsohuwar daga ka, hannun ya ƙi. Abokin ya so ya kira mai gidan nunin a buɗe musu su kaɗai, a yi musu tarba. Malam ya ce a'a.

Shi kaɗai ya hau jirgin ƙasa ya tafi birnin. Ya bi layi, ya yanki tikiti kamar kowa. Ya ce ginin ƙato ne, na gilashi da farin dutse, ya yi ta yawo kafin ya same ta a hawa na sama. An gyara tsagar wuyan, ba ka ganin komai. An wanke ta, har shuɗin rigar ya fi yadda rigar take a gaske.

“Na matsa in ga hannuwanta,” ya ce. “Sai wata yarinya mai gadi ta zo ta ce, kawu, a koma bayan layi. Na ba ta haƙuri, na koma.”

Na ce, “Ba ka gaya mata ba?”

“Me zan ce mata? Aikinta take yi. Kuma ta yi daidai, da ni ne ma haka zan so a tsare ta. Akwai benci a gabanta. Ɗakin ba zafi ba sanyi. Na zauna har yunwa ta kama ni.”

A ranar na kira Zariya na faɗa wa Inna an ga tsohuwa, tana gida mai kyau, har da masu gadi. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce in gaishe shi da hanya, in kuma tambaye shi ko ya sami mutanen gida lafiya. Na leƙa ta katanga na isar masa. Ya ce in ce mata lafiya lau, kuma 'yarsu ta ce in ta sami hutu baɗi za ta bi shi su je su ga tsohuwar tare, ya riga ya tambayo ranakun da ba a buɗe gidan nunin. Matarsa ta kira shi ya kama mata buhun ƙasa, ya naɗe hannun riga ya tafi.